Tsarin shafin intanet tsakanin maza da mata: abin da muka gani a Kumasi

Hajiya Rabi, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia, kuma bara ɗan yayata ya tsara mini shafi mai baƙin bango da ƙananan rubutu da miƙaƙƙun layuka, sai ka ce takardar banki. Shi a ganinsa ya ƙure adaka, amma matan da ke saye a wurina suka riƙa ƙorafin cewa ba sa gane launin leshi a kan baƙi, har wata ta dawo mini da turmi guda domin ta zaci ruwan hoda ne alhali ruwan goro ne. Ko akwai wanda ya gamu da irin wannan?

Malam Sani, Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsara shafuka ce sana'ata, kuma ni daga wajen maza na sha mamaki. Na yi wa wani mai kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai, shafi, na sa koren ɗigo a kan kayan da ake da su, jan ɗigo a kan waɗanda suka ƙare, sai ya kira ni yana faɗa wai duk ɗigon iri ɗaya ne. Ashe ba ya bambance ja da kore, larurar da ake gado ta ƙwayar halittar X, wadda namiji ke da ɗaya mace kuma biyu, shi ya sa ta fi kama maza nesa ba kusa ba. Tun ranar nake rubuta "akwai" ko "ya ƙare" kusa da launin.

Zainabu, ɗaliba a jami'ar KNUST ta Kumasi:
Mama, a 2006 Gloria Moss da abokan aikinta na Jami'ar Glamorgan a Birtaniya sun wallafa binciken da ya nuna cewa maza sun fi amfani da miƙaƙƙun layuka da launuka kaɗan, mata kuma sun fi son zagayayyun siffofi da launuka masu yawa. Sai dai da na yi wa gwaggona shafin turare na ƙawata shi da furanni, babu macen da ta kula da su. Farashi a sidi, kuɗin Ghana, da lambar MoMo ta biyan kuɗi ta waya da maɓallin WhatsApp kaɗai suke nema.

Hajiya Rabi:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na sa ɗan yayata ya mayar da bangon fari, muna ɗaukar hoton leshi a bakin shago da hantsi, ko da yake har yanzu yana gunaguni wai baƙin ya fi aji.