Ina makomar wasannin JRPG a kan na'urorin wasa na gida?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman fahimtar waɗanda suka fi ni bibiyar harkar wasannin bidiyo a kan makomar wasannin labari na Japan, waɗanda ake kira JRPG, a na'urorin da ake jonawa da talabijin a gida. Halin da kamfanin Square Enix ya shiga ne ya tayar mini da tambayar. Final Fantasy XVI ya fito a watan Yunin 2023 a kan PlayStation 5 kaɗai, aka sayar da kwafi miliyan 3 a makon farko, sannan Final Fantasy VII Rebirth ya biyo baya a Fabrairun 2024 ya kuma sha yabo wurin masu sharhi, amma duk da haka a watan Mayun 2024 shugaban kamfanin, Takashi Kiryu, ya bayyana cewa cinikin wasannin biyu bai kai yadda aka sa rai ba. Idan sunan da ya fi kowane suna girma a wannan fanni ya kasa gamsar da masu shi da miliyoyin kwafi, ina ga ƙananan kamfanoni? Shin irin waɗannan wasanni masu dogon labari suna da sauran zama a na'urorin gida, ko kuwa wayar hannu ce za ta gaje su?

Bazazzagi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. A ganina matsalar da ka kawo ta Square Enix ce da irin tsarin da ya ɗora kasuwancinsa a kai, bai kamata a shafa wa fannin gaba ɗaya ba. Dubi abin da ya faru a shekarar 2024 ɗin da kake magana a kai. Like a Dragon: Infinite Wealth ya fito a Janairu ya haura kwafi miliyan 1 cikin mako guda, Persona 3 Reload ya yi haka a Fabrairu, Metaphor: ReFantazio kuwa, wanda sabon suna ne da babu wanda ya san shi a baya, ya kai miliyan 1 a ranar da ya fito a watan Oktoba. Dukkansu na gidan Sega ne, dukkansu faɗan karɓa-karɓa ake yi a cikinsu, wato ka zaɓi umarni ka jira abokin gaba ya yi nasa, kuma dukkansu sun fito a PlayStation da Xbox da kwamfuta a rana ɗaya.

Abin lura shi ne Sega ya yi murna da miliyan 1, Square Enix kuma bai gamsu da miliyan 3 ba, kuma dalilin yana wajen kuɗin da aka zuba. Tun 1997, lokacin da Square, wanda daga baya ya zama Square Enix, ya bar Nintendo ya kai Final Fantasy VII kan PlayStation a faifai uku, kamfanin ya ɗaura wa kansa nauyin cewa kowane sabon Final Fantasy sai ya zama abin nunawa wajen kyawun hoto. A wancan zamani wannan ya biya, domin ana iya kammala babban wasa cikin shekara biyu: na VII a 1997, na VIII a 1999, na IX a 2000, na X a 2001. Yanzu kuwa wasan da aka sanar a 2006 da sunan Versus XIII sai a 2016 ya fito a matsayin Final Fantasy XV. Idan ɗaruruwan ma'aikata suka shafe shekaru suna cin albashi a kan aiki ɗaya, sannan aka keɓe shi ga na'ura ɗaya tilo, to an rage masu saye tun kafin a buɗe kasuwa. Kamfanin da kansa ya gane haka, shi ya sa a 2024 ya soke wasu ayyukan da ke hannu, ya ɗauki asarar kimanin yen biliyan 22, ya kuma sanar cewa daga yanzu manyan wasanninsa za su riƙa fita a na'urori daban-daban. Tuni Final Fantasy XVI ya isa kwamfuta da Xbox. Abin da nake ganin yana ƙarewa shi ne zamanin da babban JRPG ke zama mallakar na'ura guda.

'Yar Damagaram ta amsa:

Na yarda da rabin maganarka, Malam Bazazzagi, amma ina ganin ka sauƙaƙa lamarin fiye da kima, domin ka duba ciniki a duniya ka bar abin da ke faruwa a cikin Japan ɗin kanta, alhali can ne ake haifar masu ƙirƙirar waɗannan wasanni.

A Japan babbar na'urar da ke zaune a ƙarƙashin talabijin ta daɗe da rasa matsayinta na da. A watan Satumbar 2024 Sony ya ɗaga farashin PlayStation 5 mai faifai a can zuwa yen 79,980, kuɗin da ba kowane uba zai fitar don yaro ba. Na'urar da ta mamaye gidajensu ita ce Switch, wadda ta fito a 2017, ake iya jona ta da talabijin ko a ɗauke ta a hannu a shiga jirgin ƙasa, kuma an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. Da Switch 2 ta zo a Yunin 2025, Nintendo ya yi wa 'yan ƙasar samfuri na musamman mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980. Saboda haka idan ana maganar na'urar gida a Japan yau, galibi wannan ake nufi, kuma ƙarfinta bai kai na PlayStation 5 ba. Duk kamfanin da yake son masu saye na gida dole ya sassauta burinsa na hoto, wanda ni ban ɗauke shi hasara ba. Xenoblade Chronicles 3 na Monolith Soft da Octopath Traveler sun nuna ana iya gina duniya mai faɗi da labari mai taɓa zuciya a kan na'ura mai matsakaicin ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne su waye masu wasan. Yawan haihuwa a Japan ya faɗi ƙasa da jarirai 800,000 a 2022 kuma yana ci gaba da raguwa. Matasan da ake da su kuma, da yawansu sun saba da wasannin kyauta irin su Genshin Impact da Honkai: Star Rail, waɗanda kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a China ya yi da salon zanen Japan. Ba ka biyan ko sisi kafin ka fara, ana ƙara musu sabon labari bayan 'yan makonni, ribar kuma daga sayen sa'a take fitowa, inda mutum ke zuba kuɗi ko zai dace da jarumin da yake so. Waɗannan wasanni suna kan waya, suna kuma kan PlayStation, don haka a cikin falo ɗaya suke gogayya da Final Fantasy wajen cinye lokacin mutum.

Sai ku duba jerin abin da ya yi kasuwa kwanan nan. Persona 3 na 2006 ne aka sabunta, Final Fantasy VII na 1997, Dragon Quest III na 1988 wanda ya dawo da sabon zane a Nuwambar 2024. Ina son su duka, amma yawan komawa baya alama ce ta cewa waɗanda ake sayar wa manya ne masu tuna ƙuruciya. Su ma maginan suna tafiya. Koichi Sugiyama, mai kiɗan Dragon Quest, ya rasu a 2021, Akira Toriyama mai zanen ya rasu a Maris 2024, Yuji Horii kuma, wanda ya kafa jerin a 1986, ya haura shekara 70. An sanar da Dragon Quest XII tun Mayun 2021. Ranar da ya fito za mu ga ko yaran Japan za su karɓe shi yadda iyayensu suka yi layi a kan na III.

Bagobiri ya amsa:

Hajiya ta kawo magana mai nauyi, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya da ke ba ni ƙwarin gwiwa. A Afrilun 2025 wani ƙaramin kamfani a Montpellier ta Faransa, Sandfall Interactive, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, wasan karɓa-karɓa wanda masu yin sa ba su ɓoye cewa a Final Fantasy da Persona suka yi koyi ba, kuma ya sayar da kwafi miliyan 3.3 cikin kwana 33. Wannan ya zo ne bayan Final Fantasy XVI ya watsar da zaɓen umarni ya koma faɗan kai-tsaye, bisa tunanin cewa matasa ba su da haƙurin tsohon tsari. Ashe masu so suna nan. Abin da Faransawan suka yi shi ne sun bar karɓa-karɓar yadda take, suka ƙara cewa idan abokin gaba ya kawo sara dole ka danna a daidai lokacin don ka kauce ko ka tare, sai ya zama ba ka ajiye hannun gem kana kallo kawai. Salon ya riga ya fita daga hannun Japan kaɗai, kuma wannan gogayya za ta amfani kamfanonin can.

Mu a nan kuma, tafiyar da ake yi zuwa na'urori da yawa alheri ce gare mu. Wasan da ke cin awa tamanin ba ya yiwuwa a gidan gem inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a tashi, sai mutum yana da na'urarsa. Mai batir da ake riƙewa a hannu ta fi dacewa da wanda ake ɗauke wa wuta yana tsakiyar faɗa da babban dodo bai adana wasansa ba. Girman wasannin ma abin dubawa ne, tunda Rebirth a faifai biyu ya zo, wanda duk ya yi niyyar sauke irinsa ta intanet ya san abin da datarsa za ta gani.

Bakatsine ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To ga wanda zai sayi na'ura ɗaya tak saboda waɗannan wasanni, wacce za ku ba shi shawara?

Bazazzagi ya amsa:

Ya danganta da jerin da ka fi so, Malam. Xenoblade da Fire Emblem da Pokémon na Nintendo ne, ba za ka same su a PlayStation ko Xbox ba, kuma Dragon Quest da Octopath da Persona 5 Royal duk suna kan Switch, ga shi Square Enix ya fara kai jerin Final Fantasy VII da aka sabunta kan Switch 2. Idan kuwa burinka ka ga manyan wasannin da cikakken kyawun hotonsu a babban allo, PlayStation 5 ce har yanzu ta fi tara su, kuma faifanta na hannu ana iya saye a sayar ko a yi musaya da aboki. Ni da zan zaɓa yau, da Switch 2 zan ɗauka, saboda kamfanonin Japan ba za su iya kauce wa na'urar da ke hannun mutanen ƙasarsu ba, amma ka fara duba ko wasannin da kake so a kanta cikakku ne a kan kati, domin wasu katunan mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan ta intanet kafin ya buɗe.