Gudu ko karatu: dole sai an ajiye ɗaya?

Sadiq: Salamu alaikum yan uwa. Na gama sakandare bana, mita 1500 nake gudu, kocinmu yace in ina son in kai matakin duniya sai na jingine jami'a tukunna, wai ƙafa tana da lokacinta amma karatu ko da furfura ana yi. Me kuka gani?

Yaya Bashir: Kocinka yayi gaskiya ƙanina. Ka duba yan Kenya a Iten da Kaptagat inda Kipchoge gwanin gudun marathon yake atisaye, a sansani suke kwana, gudu safe da yamma sai barci. Ta ina zaka haɗa wannan da lakca da jarabawa?

Anti Hauwa: A'a Bashir ban yarda ba wallahi. Tobi Amusan yar tseren Najeriya ai gurbin karatu ne ya kaita jami'ar Texas ta El Paso, can ta goge har ta kafa tarihin duniya a 2022, daƙiƙa 12.12 a tseren tsallaken shinge na mita 100. Gabby Thomas yar tseren Amurka a Harvard tayi digiri ta ƙara mastas a Texas, kuma ta ci zinaren mita 200 a gasar Olympics ta Paris 2024.

Yaya Bashir: Anti wannan Amurka kenan fa, jami'a ce ke biyan koci da likita da fili. Ba ko ina ake samu ba.

Malam Nura: Bari in saka baki don abin ya taɓa ni. Nayi mita 800, na bar makaranta saboda irin wannan shawarar, ina shekara 23 jijiyar dunduniyata ta tsinke, kulob ɗin suka sallame ni, ba takarda ba sana'a, sai da na koma aji da sa'annin ƙannena kuma har yau abin yana min ciwo. Su kansu yan Kenyan da kake faɗa da yawansu ma'aikatan yan sanda ne ko soja ko gidan yari, albashi na shiga ko sun ji rauni.

Anti Hauwa: Yauwa. Kuma gurbin Amurkan ma sai da sakamako mai kyau, NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana duba makin sakandare. Sadiq ka nemi kwas da zai tafi da gudun, kimiyyar wasanni ko fisiyo, wato aikin gashin ƙashi.

Yaya Bashir: Ni dai ina kan bakana, in lokacinsa yayi kyau ya bada shekara biyu cur ga gudu.

Malam Nura: To Sadiq nawa kake yi a 1500 ɗin, kuma a gasa ta hukuma aka ɗauka ko agogon koci ne?

Sadiq: Agogon koci ne Malam. Akwai gasa wata mai zuwa, zan shiga in kawo muku lokacin.