An ba ni firinsifal: ANCOPSS tana da amfani, ko kuɗin taro ne kawai?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shekara 17 ina koyar da bayoloji, sai a farkon zangon nan aka ba ni shugabancin wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Abin da na tarar a ofis: hatimi, kujerar da aka tokare da bulo, da kabad cike da fayil wanda makullinsa ya bi wanda na gada. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi. Yanzu kuma an aiko in je taron shiyya na ANCOPSS, ƙungiyar shugabannin sakandare. Ni NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa, kaɗai na sani, ita ma don ina ganin sunanta a takardar albashi. Don Allah magabata, zan ƙaru da wani abu, ko in zauna in ji da rashin malamin lissafi?

Tsohon Firinsifal:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya taya ki riƙo. Ki je, amma ba don jawabin babban baƙo ba. Ki je da littafi ki kwashi lambobin waya.

Shekarata ta farko, daren da za a rufe rajistar WAEC, na gano mun juya sunayen ɗalibai biyu masu sunan uba ɗaya. Gumi ya jiƙa mini riga. Wani dattijo da muka ci shinkafa a benci ɗaya wurin taro na kira, ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Bai yi mini dariya ba, ya bi da ni daki-daki har muka gyara. Daga baya ma ya riƙa ara mini malamin fiziks duk ranar Alhamis, ni kuma ɗalibansa suna zuwa ɗakin gwaje-gwajenmu. Wannan ba ya cikin kowace takardar ma'aikata. Matsalar lissafinki ma, a can za ki ji yadda wasu ke rubuta takardar neman 'yan hidimar ƙasa tun kafin a rufe sansani.

Ɗan Alli:
Baba, a yi haƙuri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na taɓa shiga wata ƙungiya, shekara uku ina biya. Abin da na tsira da shi: jaka, hula da hoton rukuni. Malama, ki tambayi ma'aji rahoton kuɗi tun zuwan farko. In aka fara kame-kame, kin san inda aka dosa.

Hajiya Mai Rajista:
Ɗan Alli, tambayar ma'aji daidai ne, amma wanda ya ƙi zuwa ba shi da bakin tambaya. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, ta ritayar malamai a shekara 65 ko bayan shekara 40 ana aiki, NUT ta daɗe tana bin ta. Har yanzu ba kowace jiha ta ɗauka ba, kuma firinsifal ɗaya tilo ba zai sa gwamna ya ɗauka ba. Sannan tunda ke 'yar kimiyya ce, kada kujera ta raba ki da STAN, ƙungiyar malaman kimiyya da ke nan tun 1957. Ki riƙa tura malamanki bitarsu.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, zan je ranar Asabar in sha Allahu. Baba, kabad ɗin fa? In sa kafinta ya ɓalle?

Tsohon Firinsifal:
Ki ɓalle, amma a gaban mataimakinki da shugaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da gudanar da makaranta. A rubuta duk abin da aka samu a ciki, ku ukun ku sa hannu.