Gayyar gyaran hanyar fadama: yaya ake yi aikin ya ɗore?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba da aikin gayya. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, muna da wata hanya da ta tashi daga bayan gari ta gangara fadama. Ba ta mota ba ce, ta ƙafa ce da babur da amalanken shanu. Ta nan ake fito da tumatir da albasa da shinkafa, ta nan yaran rugar da ke gefenmu suke zuwa firamare. Tun ambaliyar 2022 ruwa ya yanke ta a gangaren wata tsamiya, wurin ya zama kwazazzabo. Yanzu masu amalanke ratsawa suke yi ta gonakin mutane, kullum ana gaban mai unguwa.

Mu matasa mukan fita da shebur da baro mu cike ramin da ƙasa, ruwan Agusta ya zo ya kwashe. Mutane sun fara gajiya, wanda ya fito bara bana sai ya ce yana da uzuri. Me za mu zuba ya tsaya, kuma yaya ake sa jama'a su ci gaba da fitowa?

Mai Awon Hanya: Wa'alaikumus salam. Malam, rami kuke yaƙa, alhali ruwa ne abokin faɗanku. Hanyar da ƙafa da kofato suka daɗe suna takawa tsakiyarta lotsawa take yi, sai ta zama magudana. Ku hau sama da ramin, inda ruwan yake fara taruwa, ku yanka ƙananan lambatu a karkace, su riƙa fitar da shi gefe tun bai yi ƙarfi ba. In gangaren ya yi tsanani ku matso da su kusa da juna. Tsakiyar hanya kuma a tayar da ita ta fi gefe tudu.

Shi kwazazzabon kada ku cike shi da rairayi. Ku jera buhunan ƙasa ko duwatsu a gicciye, hawa-hawa, tsakiyar kowane jeri ya ɗan fi gefensa ƙasa, don ruwa ya tsallake ta nan, kada ya zagaya ya ci gaɓa. Laka za ta kwanta a bayansu da kanta. A sama ku zuba burji, ku yayyafa ruwa, ku daɓe. Gefe-gefe ku dasa ciyawar jema da farkon damina. Saiwarta zurfi take yi, ta fi gamba riƙe ƙasa. Buhun leda rana tana cin sa, a rufe shi da ƙasa.

Dattijon Gari: Ɗana, abin da malamin nan ya faɗa haka yake, ni ta wajen mutane zan yi magana. Gayyar noma tana tafiya ne saboda gona tana da mai ita: shi ke gayyata, shi ke kawo fura da goro, in taka ta zo shi ma ya zo maka. Hanya kuwa ta kowa ce, shi ya sa kowa yake jiran wani. To ku yi mata masu ita. Ku je wajen dagaci ya raba ta unguwa-unguwa, daga tsamiya zuwa rijiya na wane ne, daga rijiya zuwa bakin fadama na su wane. Wanda nasa ya lalace gari ya gani.

Sannan ku duba lokaci. In kun sa rana ana tsakiyar girbi ba mai zuwa, in kun bari aka shiga rani samari sun tafi ci-rani. A kama bayan an kai amfani gida. Kada ku sa Lahadi, rabin garinku suna kasuwar Gujungu. Liman ya yi sanarwa a masallaci, a fara da hantsi a tashi kafin azahar. Kuma ku gayyaci ardon rugar nan tun farko, ba bayan shanu sun tattake muku shuka ba.

Yaron Kansila: Ni dai a ganina wannan aikin ƙaramar hukuma ne. Kwalbati ake buƙata, ku rubuta takarda kawai.

Ɗan Fadama: Yallaɓai, takarda mun kai, muna kuma jira, amma tumatir ba ya jiran kwalbati. Baba, Allah ya ƙara girma, maganar raba hanya ta shige ni, gobe bayan la'asar zan same su mai unguwa da ita. Sai dai Malam Mai Awo, lambatun nan in mun yanka, gonar wani ruwan zai faɗa, kuma mai gonar da ke gefen tsamiyar ba shi da sauƙi.

Mai Awon Hanya: Shi za ku fara kira, ya tsaya a kan ƙafarsa ya nuna bakin da ya yarda a sako. A haƙa ɗan rami a ƙarshen lambatun a zuba duwatsu, ruwan ya huce a nan kafin ya bazu. In ya ƙi, ku tuna masa amalanken da suke bi ta cikin dawarsa.