Neman shawara: ƙwayoyin balansin a cikin taya maimakon darma

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai, dan Allah shawara nake nema. Hiace nake ja Kano zuwa Maiduguri, matsalata sitiyari ne, da na kai 90 zuwa 100 sai ya kama karkarwa har hannuna ya yi tsami, in na je aka min balansin aka maƙala darma a rim sai in samu lafiya kwana biyu, da na faɗa rami ɗaya darmar ta fice shikenan an koma gidan jiya. Sau huɗu kenan cikin wata uku, ga tayar gaba ta fara cinyewa wuri-wuri kuma kun san abin da taya take yanzu.

Ƙanin matata yana jan tirela a Kanada, ya ce shi ba ya sa darma, wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana kamar gero na gilas ake zubawa cikin tayar su yi balansin da kansu, Counteract sunan nasa, ya ce zai aiko min in ina so. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ya za a ce abu yana yawo a cikin taya kuma ya daidaita ta? Mutum goma sha takwas nake ɗauka ba na son gwaji da ran jama'a. Wanda ya taɓa sawa ya taimaka.

Mai DAF: Wa alaikumus salam. Ni na sa a tayoyin gaba na motata masu rim inci 22.5 kuma gaskiya yana aiki, ba tsafi ba ne. In taya tana juyawa gudun ne yake manna ƙwayoyin a jikinta ta ciki, to duk inda ya fi nauyi shi yake fizgar tayar, wannan fizgar ce take tura su su taru a ɓangaren da ke kallon wurin nauyin har girgizar ta lafa. In ka tsaya su zubo ƙasa, in ka tashi su sake rabuwa, shi ya sa ko taya ta ci ko laka ta maƙale suna bi suna gyarawa, darma kuwa inda aka buga ta nan take. Sai dai ka sani tayarmu doguwa ce mai nauyi, kusan giram 300 ake zuba wa kowace ɗaya, taka kuwa ba za ta kai haka ba, akwai jadawalinsu na kowane lambar taya ka ce ya turo maka kar ka yi da ka.

Oga Faci: Alhaji ni nan ne nake da magana don mu ne za mu buɗe tayar. Abin nan ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Mu kuma da ruwan sabulu muke shafa bakin taya kafin mu hau da ita rim, kwamfuresar da yawanmu kuma tankinta ruwa ne a ciki saboda ba a tsiyayewa, musamman da damina, iska na shiga da ruwa ƙwayoyin su dunƙule wuri ɗaya su zama curi, to ka ga maimakon gyara ka ƙara wa kanka nauyi a gefe guda. Haka ruwan nan mai danƙo da ake zubawa don toshe huji, in yana ciki kar ma ka fara. Sannan ƙwaya ɗaya in ta shiga bawul sai iska ta riƙa zurarewa a hankali, shi ya sa suke zuwa da nasu kan bawul mai abin tacewa, ka tabbatar ya haɗo da shi. Kuma duk ranar da ka yi faci a hanya ka faɗa wa yaron tun kafin ya buɗe, in ba haka ba a ƙasa zai zubar maka.

Ɗan Panteka: To ba sai a zuba yashi mai laushi ko boris ɗin keke ba? ai duk ɗaya ne

Mai DAF: A'a ƙanina kar ka soma. Yashi kankare cikin tayar zai yi, kuma wannan shimfiɗar ta ciki ita take riƙe iska a tubles, boris kuma ƙarfe ne tsatsa zai yi. Na asalin gilas ne ko tangaran masu santsi, Dyna Beads na Amurka tangaran ne.

Injiniya Makanike: Yallaɓai kafin a kai ga ƙwayoyi ni tambayata ita ce wane irin rami ne yake fizge darma sau huɗu bai taɓa rim ba? Ina kyautata zaton rim ɗinka ya lanƙwashe, ko tayar ta yi ƙulu, ko tayarod da boljoyin sun saki. Waɗannan babu ƙwayar da za ta gyara su, darmar ma rufe ciwon kawai take yi. Ka sa a ɗaga motar a juya ƙafar da hannu ka tsaya ka kalli bakin rim ɗin da idonka, sannan a girgiza ta hagu da dama, sama da ƙasa.

Abu na biyu, rashin balansin iri biyu ne, akwai mai sa taya tsalle sama da ƙasa akwai mai sa ta lilo gefe da gefe. Ƙwayoyin sun fi iya na farkon tunda a tsakiyar taya suke taruwa, na biyun sai inji ya auna a sa darma ciki da waje, shi ya sa masu ƙananan motoci mai faffaɗar taya suke yawan kuka da su amma manyan motoci da babura suke yabawa. Tayarka mai lamba 195R15 tana tsakani. Ni da ni ne, in komai lafiya, baya zan fara sawa in cire tsohuwar darmar in yi sati biyu ina ji, gaba kuma in bar ta da inji.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Injiniya maganarka ta tabbata, yau da safe aka ɗaga motar, rim ɗin gefen direba a karkace yake ƙarara ana gani kuma tayarod ɗaya yana wasa. Na shiga Ƙofar Ruwa na samo rim, an canza tayarod an yi alayimen da balansin, na gwada ta hanyar Wudil har 100 sitiyari shiru. Na ce wa ƙanin matata ya aiko na tayoyin baya guda biyu da bawul ɗinsu. Oga Faci ka tsiyaye tankin kwamfuresarka, wajenka zan kawo in sun iso.

Oga Faci: Ba damuwa Alhaji, ka zo da rana tsaka mu shanya tayar ta bushe tukuna.