Tambaya kan wasiyya da shirin gado tun mutum yana raye

Ɗan Kasuwar Wunti:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Bauchi, shekaruna sun haura sittin, ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. Babban ɗana ya rasu ya bar yara uku, kuma a hannuna suke. Ina da gida a Fadaman Mada, da gona, da shago wanda muka haɗa jari da ƙanena ba tare da mun rubuta komai ba. Uwargidana ta sayar da shanunta ta ba ni kuɗin lokacin da nake ginin gidan, shi ya sa nake tunanin rubuta wasiyya in bar mata shi. Shin hakan ya halatta, kuma mene ne matsayin jikokin nan?

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wasiyyar da kake nufi ba za ta zartu ba, domin uwargidanka magajiya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwa. Rabonta yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 12: tunda akwai 'ya'ya, ita da abokiyar zamanta za su raba tumuni ɗaya, wato idan abin da ya rage naira miliyan 8 ne, miliyan 1 za su raba, kowacce ta ɗauki dubu 500.

Sai dai maganar kuɗin shanun ba ta gado ba ce. Idan rance ta ba ka, bashi ne a kanka, kuma ana biyan bashi bayan hidimar jana'iza, kafin a taɓa wasiyya, balle rabon gado. Idan kuwa tarayya kuka yi a ginin, to tana da kaso a gidan wanda ba ya shiga cikin abin da za a raba. Ka zauna da ita ku tantance wanne ne, ku rubuta, adalai biyu su shaida.

Jikokinka su ne inda wasiyya za ta yi amfani ƙwarai. Matuƙar kana da ɗa namiji a raye, baffanninsu sun shamakance su, ba za su gaji komai daga gare ka ba. Saboda haka ya halatta ka yi musu wasiyya, amma kada ta wuce sulusin dukiyarka, iyakar da Manzon Allah (SAW) ya yanka wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Na sha ganin marayu irin waɗannan sun tashi hannu rabbana, alhali kakansu yana ƙaunarsu, kawai don ya ɗauka cewa rabon mahaifinsu zai gangaro musu.

Lauya daga Yelwa:

Ina goyon bayan Malam, sai dai zan ƙara wani abu, domin na san za a ba Alhaji shawarar ya mayar da gidan kyauta tun yanzu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Mijin da ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki, ya kuma ci gaba da zama, hauzi bai tabbata ba, gidan zai koma cikin gado. Ban da wannan, idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya mai shi.

Abin da ya fi damuna a bayaninka, Alhaji, shi ne shagon. Yau kai da ƙanenka kun san jarin kowa, amma 'ya'yanku ba su sani ba, kuma su za a bari da rigimar. Ku yi ƙidayar kaya, ku rubuta kason kowa da bashin da ake bin shagon da wanda yake bi.

Malamar Firamare:

Baba, ka haɗa da asusun banki. Da maigidana ya rasu, sunana ne a gurbin makusanci a takardunsa, na ɗauka hakan ya isa a ba mu kuɗin. Ashe makusanci wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba shi ne magaji ba, sai da muka kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, muka yi watanni muna zirga-zirga. Wani asusun ma ba mu san da shi ba sai da muka ga saƙo a wayarsa.

Ɗan Kasuwar Wunti:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambayi uwargida jiya da daddare, ta ce ita rance ta ɗauke shi, kunya ce ta hana ta magana duk shekarun nan. Malam, shanun guda huɗu ne, kuma kuɗinsu ta ba ni, ba su ba. Adadin da na karɓa a wancan lokaci zan rubuta, ko darajar shanu huɗu a kasuwar yau?