Kubri ko rage gudu: muhawarar 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka

Baban Yusra: Assalamu alaikum. Ina da magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Gadar masu ƙafa, wato kubri, don mota ake gina ta, don kada direba ya taka birki. Jiya bayan la'asar na raka Inna asibiti a nan Jidda. Ga ƙofar asibitin muna kallo a tsallaken titi, kubrin kuwa sai mun taka kusan rabin kilomita. Inna ta haura shekara 70, gwiwa ta ƙi. Muka tarar lifta a kashe. Ta hau matakala takwas ta tsaya, ta kai hannu ga ƙarfen riƙo, ƙarfen ya sha rana, ta janye hannun tana salati. Na sauko da ita, na tare mota na biya riyal 15 don a zagaya da mu tsallaken titi guda. Abin da nake so a cikin unguwa, gaban makaranta da masallaci da asibiti, a mayar da gudu kilomita 30 a awa, a ɗaga wurin tsallakawa ya zama tudu, a sa ishara, wato fitilar ba da hannu, mai jiran tsoho ya ƙarasa.

Malam Direba: Allah Ya ba Inna lafiya. Amma ɗan'uwa ban yarda ba. Shekara 19 ina riƙe da sitiyari tsakanin Makka da Jidda. Ka sa 30 a Tariƙ Madina, babban titin Jidda, ka ga ko garin zai motsa. Kuma mu faɗi gaskiya, mutanenmu ne ke haure shinge da dare, mace da baƙar abaya, sai ka zo dab da ita ka gan ta. Tun 2010 kamarorin Sahir ke bin direba. Mai ƙafa ma doka ta sa masa mukalafa, wato tara, riyal 1,000 zuwa 2,000 in ya ratsa babbar hanya. A ɗabbaƙa ta kawai.

Maman Fauziyya: Haba Malam. Baƙar abaya ai ita ce suturar yawancin matan garin nan, wanda ya zana titin ma ya sani. To ya sa fitila mai haske a inda muke tsallakawa mana. Ni a Shara Mansur nake, kullum da safe da yara uku a hannu. Ba na sakin hannun ƙaramin ko takalminsa ya cire.

Baban Yusra: Malam, ban ce Tariƙ Madina ba. Can a bar kubri, amma a sa masa inuwa da liftar da ke aiki. Titunan cikin unguwa nake nufi.

Anti Nas: Bari in sa baki, don mu ake kawo wa waɗanda aka kaɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma haɗarin mutuwar mai ƙafa yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun motar ya tashi daga 50 zuwa 65. Ga direba wannan ɗan taɓa totur ne, ga wanda aka buge kuwa ƙashin ƙugu ne da kai. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi a tsaya a 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya, Sifaniya kuma ta mayar da shi doka a ƙananan titunan biranenta a Mayun 2021. Suwidin ta fara wannan tunani tun 1997: ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana ya yi kuskure, sai a gina titi yadda kuskuren ba zai ci rai ba. Tara ba ta hana yaro ɗan shekara shida bin ƙwallo.

Malam Direba: Anti, waɗannan ƙasashen sanyi ne. Nan da zafi ke haura 40, wa ke yawo da ƙafa?

Kawu na Jarwal: Mu ne, ɗana. Lebura, mai aikin gida, tsohon da ke neman sahu a masallaci, alhajin da ya sauka jiya bai san ta ina mota ke fitowa ba. A Riyad an buɗe jirgin cikin gari a Disambar 2024, layi shida, kilomita 176, kuma duk wanda ya fito daga tasha da ƙafa zai ƙarasa gida. Ƙasar nan ta iya tsara hanyar masu ƙafa in ta sa kai. Na yi jifa kafin turmutsutsun 2006, na kuma yi bayan an sake gina Jamarat hawa-hawa, mai shiga ba ya karo da mai fita. Hankalin da aka kashe a Mina shi nake roƙo a kawo ƙofar gidana.

Malam Direba: Kawu, ba na ja da kai. Gaban makaranta da asibiti na yarda a sa tudu, ni ma ina da jikoki. Amma mai haure shinge a babbar hanya, har gobe ina ganin laifinsa ne.

Maman Fauziyya: Baban Yusra, ka kira 940, lambar ƙorafi ta baladiyya, wato hukumar birni, ka ba da rahoton liftar.

Baban Yusra: Zan kira yau in sha Allah. Ranar Alhamis ne likita ya ce Inna ta koma.